In An Ƙyafta Maka Fitila

Shekara talatin da ɗaya mijin yayata ya yi a kujerar mai zaman banza, kuma ban san wanda ya kai shi shan wahala a garinmu ba. Malamin tuƙi ne. Kowa Ɗaga-Ƙafa yake kiransa, domin kalmar da ta fi fita daga bakinsa ke nan duk lokacin da ɗan koyo ya danne totur. Shi kuwa bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, har ni da nake ƙanin matarsa.

Ofishinsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan wani bene, bango ɗaya da shagona na sayar da tabarau. A ciki akwai benci, da allo mai ɗauke da alamomin hanya da ya zana da hannunsa, da wani tsohon sitiyari da aka ɗaure a jikin tebur. Ƙarƙashin teburin an kafa katako uku, kuloci da birki da totur. Sai ka yi sati biyu kana taka katako kafin ya bari ka taɓa motar gaske. Motar kuwa 'yar ƙarama ce fara, da jan harafin 'yan koyo gaba da baya, da wani birki na biyu da mai walda ya liƙa masa a gefensa. Takalminsa na dama kullum shi ke fara cinyewa.

Ba ya riƙe sunan ɗalibi, laifinsa yake riƙewa. Mahaucin bakin kasuwa Ribas ne a wurinsa, saboda ya fi iya baya da gaba. Ungozomar asibitin unguwa Madubi ce, wai fuskarta take dubawa ba motar baya ba. Akwai Kashe-Mota, akwai Sai-Gobe, akwai wani alƙali da har ya yi ritaya yana amsa sunan Giya-Ɗaya. Ni Makaho ya sa mini, don na ture durom ɗin da yake ajiyewa a fili har sau uku. Mai sayar da tabarau ne Makaho, kuma sunan ya bi ni har gaban kwastomomi. Na daɗe ina jin haushin abin.

Cikin duk abin da yake koyarwa, darasi biyu ne ba sa cikin littafin gwamnati, kuma su ya fi ji da su. Na farko ladabi ne. In ka zo mahaɗa ko ƙunci wani ya ƙyafta maka fitila, to ya ba ka hanya. Kada ka tsaya nuƙu-nuƙu.

"Mutum ya yi maka kara ka bar shi yana jira?" haka yake cewa. "Ɗaga masa hannu, ka taka. Wanda aka ba hanya ya tsaya, shi ke haddasa hatsari."

Na biyu ya samo shi ne daga shekarun da 'yan fashi suka addabi hanyoyin bayan gari. In ka ji harbi kana tafe, ko ka ga wanda ba ka sani ba yana tsayar da kai a wurin da ba kowa, kada ka tsaya. Sunkuyar da kai, ka ba ta wuta. Wannan darasin ya ceci mutane, ni shaida ne. Akwai wanda ya zo har ofis da kyautar agogon bango yana godiya, bayan motarsa duk huji.

Yana maimaita su har sai sun bar kan ɗalibi sun sauka ƙafarsa. Cewa yake direban da ke tunani kafin ya taka bai gama koyo ba.

'Ya ɗaya suka haifa da yayata kafin Allah ya yi mata rasuwa. Mamana yake ce wa yarinyar, kuma ita kaɗai ce ɗalibar da bai samu laifin da zai laƙaba mata ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tana shekara goma sha tara take shigar da mota tsakanin durom biyu da baya ba tare da ta waiwaya ba. Da ta tashi aure sai ta kawo malamin lissafi na makarantar sakandare, dogo, mai sanyin magana, wanda ko keke bai iya ba. Ɗaga-Ƙafa ya dube shi sama da ƙasa ya sa masa Fasinja. Sau biyu ya yi masa tayin koyo kyauta, mutumin yana murmushi yana cewa ai gida ɗaya direba ɗaya ya isa. Suka haifi yara biyu, ita ke kai su makaranta, ta sauke uban a tasa makarantar.

Sojojin baƙi sun shigo ƙasarmu wata Talata. Sun ce sun zo su cire mana wanda ke mulkinmu ne. Cikin sati uku suka cire shi, sannan suka zauna. Kafin nan jiragensu sun karya gadar gabas, sun ƙone tashar lantarki, sun rushe gidan waya, da wasu gidaje na kusa da su da aka ce kuskure ne. Ruwan famfo ya ɗauke. Waya ta mutu. Masu hali da marasa hali suka ɗaure katifu a saman mota suka nufi ƙasar da ke maƙwabtaka da mu. A rana ta goma Mamana ta ɗebi mijinta da yaranta ta bi ayari. Ta yi ta roƙon uban ya shiga, ya ce in ya tafi wa zai riƙa tayar da motar koyo batir kada ya mutu. Ya duba mata iskar taya da ruwan lagireto, ya ce ta sauka lafiya.

Bayan an daina ruwan bama-bamai sai shingaye suka fito. A kowace mashigar gari baƙin sun tara buhunan ƙasa, sun ja waya mai ƙaya, sun girke wata ƙatuwar mota mai fitilu a goshi da bindiga a ka. Akwai allo da aka rubuta gargaɗi da harshensu, a ƙasa kuma da namu, ƙananan baƙaƙe da sai ka iso inda ba a so ka iso kafin ka iya karantawa. A wannan fanni ni gwani ne, na san mai lafiyar ido ma ba zai gani daga nesa ba. Sojojin yawancinsu samari ne, jajaye da zafin rana, kuma a tsorace suke. An taɓa tayar musu da mota mai bam a wani gari, tun daga nan kowace mota abokiyar gaba ce.

Ribas aka fara kashewa, shi da matarsa, da rana tsaka a shingen hanyar kasuwar dabbobi. Rediyon baƙin ya ce wata mota ta ƙi tsayawa. Bayan kwana shida aka harbe Kashe-Mota. Sai wani mai ɗaukar marasa lafiya, shi ma ɗalibin ofishin nan. Mutane suka yi ta magana, wasu su ce ganganci ne, wasu su ce baƙin nan jini kawai suke so. Ɗaga-Ƙafa kuwa, bayan kowace jana'iza sai ya tafi wurin da abin ya faru, ya tsaya daga nesa yana kallon kwalta. Bayan jana'iza ta uku ya dawo ya zauna a shagona, abin da ba ya yi.

"Makaho, babu sawun birki," ya ce. "Duk ukun. Ko taɓa shi ba su yi ba."

Amsar ta zo daga bakin Madubi, ungozomar nan. Ita ta rayu, ƙanwarta da ke gefenta ce ba ta rayu ba. Muka je duba ta a asibitin da take aiki, tana kwance a gadon da ta saba kwantar da wasu, kafaɗarta a naɗe. Ta ba shi labari ba tare da zargi ba, kamar ɗaliba mai kawo rahoto.

"Malam, na rage gudu tun daga nesa. Sai suka ƙyafta mini fitila, sau biyu. Na ɗaga musu hannu na gode, na taka. Sai na ji harbi a sama. Na tuna ka ce in an ji harbi ba a tsayawa, na sunkuya na ƙara wuta."

"Sau biyu suka ƙyafta?"

"Sau biyu, Malam. Ban yi daidai ba?"

Ya ce mata ta yi daidai. Muka fito. A bakin ƙofar asibiti ya tsaya yana neman takalminsa alhali yana ƙafarsa.

Wanda bai san shi ba zai zaci daga nan ya karaya. Mai hali ba ya fasa halinsa. Washegari ya cire allon alamomin hanya daga bango, ya saɓa a kafaɗa, ya tafi shingen a ƙafa don ya gyara wa sojoji kuskurensu. Na bi shi ne kawai don in san inda zan ɗauko gawa. Suka sa mu ɗaga riguna, muka juya, muka durƙusa, sannan wani hafsa ya fito da tafinta. Ɗaga-Ƙafa ya yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa a nan ƙyafta fitila ba da hanya ne, kuma harbi a sama kiran gudu ne ba kiran tsayuwa ba. Hafsan ya saurara da kyau, har ya rubuta wani abu. Ya ce a wurinsu fitila gargaɗi ne na farko, harbin sama na biyu, na uku kuwa ba gargaɗi ba ne. Ya ce ƙa'idar daga sama take, ba shi da ikon canza ta, amma zai isar. Ya ce yana baƙin ciki da abin da ya faru. Aka ba mu ruwan roba ɗaya ɗaya.

A hanya Ɗaga-Ƙafa yana ta huci. "Waɗannan ko durom ba zan bari su zagaya ba. Mutum ya zo garin mutane bai tambayi yadda ake tuƙi ba?"

Na ce, "Yaya, mai bindiga ake koya wa hanya? In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

Ya ce in rufe masa baki, makaho bai san rawa ba. Amma kwana biyu bayan nan na ga ya fito da tsohon kekensa yana ba shi iska.

Haka ya fara bin ɗalibansa gida gida yana kwance abin da ya ɗaura. Mai ya yi wuya, don haka a keke yake yawo, mutumin da ya raina duk abin da ba shi da giya. Ba shi da rajista, a kansa suke, unguwa unguwa, kowa da laifinsa. Zai yi sallama, ya ƙi zama, ya ƙi ruwa. Bakinsa bai iya furta cewa ya koyar da kuskure ba, kuma a gaskiya ba kuskure ya koyar ba. Abin da yake cewa shi ne, "An canza doka." In an ƙyafta maka fitila, tsaya cik. Kashe mota. Ɗora hannu biyu a kan sitiyari inda za a gan su. In ka ji harbi, ko motsi kada ka yi.

Kowa ya ce ya ji. Shi ya san kunne ne ya ji. Sai ya riƙa tara su a ofis da safe, mutum biyar biyar, manya da furfurarsu, alƙalin nan ma ya zo. Ya zaunar da mutum gaban sitiyarin tebur, ya ja shi da hira kan tsadar gari ko ciwon gwiwa, sai kwatsam ya ƙyafta masa tocila a fuska. Ta bango nake jin ƙarar katako da kuma tsawarsa. Cikin goma, bakwai totur suke takawa. Raggon ɗalibi bai ba shi wuya ba, wanda dama can bai riƙe darasin ba sati ɗaya ya ishe shi. Gwanayen ne matsala. Duk wanda ya fi ƙwarewa, ƙafarsa ta fi taurin kai.

Kowa a layinmu ya san inda wannan lissafin ya nufa, ko da yake ba mai faɗa. Gwanar gwanaye, 'yarsa, tana bayan iyaka, babu waya, kuma wata rana za ta kamo hanyar gida ta tarar da shinge. Ya rubuta mata wasiƙa ya ba direbobin manyan motoci, ba sau ɗaya ba ba sau biyar ba. Ba wadda aka amsa. Sansanonin 'yan gudun hijira sun yi yawa, ana ta kwashe mutane daga wannan zuwa wancan.

Can ɗin ma zaman bai daɗe da daɗi ba. Masu yaƙar baƙin sun tsallaka iyaka sun ɓuya cikin masu gudu, makamai suka bi su, baƙin suka bi makaman. Gwamnatin can ta rabu biyu kan ko a kore mu ko a bar mu, sojojinta suka fara harbin juna. Kafin shekara ta zagayo ƙasa uku ke ci da wuta, kuma irin shingayen nan masu fitila a goshi sun bazu har inda ba a taɓa jin sunan shugaban da aka zo cirewa ba. An gudu ba a tsira ba. Mutanenmu suka fara dawowa da katifun da suka tafi da su, waɗanda ba su sayar ba.

Da ya ji an fara dawowa, Ɗaga-Ƙafa ya koma hanyar iyaka. Akwai wani gidan mai da ya ƙone, kimanin tafiyar minti goma a ƙafa kafin shingen. Nan ya tsaya da allonsa, ya juya bayan allon ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa fitila tsayawa ce. Kwana uku yana ɗaga hannu, ba motar da ta tsaya. Wasu ma ƙara wuta suke in sun hango shi. Ya dawo yana zagin direbobin zamani, na tuna masa wanda ya koya musu kada su tsaya wa baƙon fuska a wurin da ba kowa. Bai yi mini magana ba har washegari.

Dabarar da ya yi mai kyau ce, ba zan hana shi ba. Ya sa muka tura motar koyo, babu mai a cikinta, tun daga ofis har gidan man nan, mu huɗu muna haki. Ya ajiye ta a gefen hanya, jan harafinta na kallon masu zuwa. Duk ɗan garinmu ya san motar nan, rabinsu sun sha zagi a cikinta. Aka fara tsayawa. Zai leƙa ta taga, ya kira mutum da sunan laifinsa, ya karanta masa sabuwar doka, ya sa shi ya maimaita. Daga ƙarshe ya tambaya ko an ga wata mata mai shuɗiyar mota da yara biyu da dogon miji.

Baƙin ba su gane abin da tsoho yake yi da mota a kusa da shingensu ba. Suka zo suka kwashe shi, suka rufe masa kai da buhu, ya kwana biyu a wurinsu. Da tafintan nan ya gane shi aka sake shi, wuyan hannunsa duk sawun igiyar roba. Ya koma wurinsa. Daga baya suka saba da shi, har sukan aiko masa da ruwan roba, shi kuma ya wanke gilashin motar da shi. Wata huɗu ya yi a nan, daga fitowar rana zuwa la'asar. A watannin nan ba a harbi kowa a wannan shingen ba. Sauran shingayen garin guda biyar ne, kuma shi mutum ɗaya ne.

Ranar da ta dawo ina wurin, na kai masa abinci. Da hantsi ne. Motoci na tafe jefi-jefi, sai ya miƙe tsaye tun motar tana ɗigo a nesa.

"Ga ta nan," ya ce.

"Yaya, ko kalar motar ba a gani."

"Dubi yadda ta rage gudu. Da giya ta rage, ba da birki ba."

Motar ta kunna sigina, a hanyar da ba kowa a bayanta, ta sauka gefe ta tsaya daidai bayan tasa. Na ji ƙarar birkin hannu. Ita ce. Ta rame, ta yi duhu, yaran biyu suna baya sun yi shiru kamar ba yara ba. Ban taɓa ganin Ɗaga-Ƙafa yana gudu ba sai ranar. Ya isa tagar yana haki, ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Mamana, saurara. An canza doka. In suka ƙyafta miki fitila..."

"Na sani, Baba."

"Ki tsaya cik, ki kashe mota..."

"Na sani."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, ashe wasiƙar ta isa. Ta ce ba ta ga wasiƙa ba. Ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaishe ni, ta ce Kawu ka tsufa. Shi kuwa ya shiga zagaya motar, yadda yake yi wa kowace mota da ta dawo daga tafiya, yana taɓa taya yana leƙa ƙasa. Da ya zo gaba sai ya tsaya. Gilashin ɓangaren direba yana da huji uku, an liƙe su da leda da salatif. An lulluɓe jinginar kujerar da tsohon zani. Ya dubi hujin, ya dubi 'yarsa daga sama har ƙasa, babu ko ƙwarzane a jikinta. Sannan ya leƙa kujerar mai zaman banza. Jarkar ruwa ce a kai.

"Ina mijinki?"

"Wata biyu ke nan, Baba."

Muka yi salati. Ya dafa motar.

"Wa ke tuƙi?"

"Shi."

"Ai bai iya ba."

"Na koya masa." Ta gyara mayafinta, tana magana a hankali don kada yaran su ji, ko da yake suna wurin aka yi. "Can babu makarantar da zai koyar. Ni na samu aikin wanki a asibitin sansani, motar tana zaune. Muka ce ya riƙa ɗaukar mutane zuwa kasuwa. A filin ƙwallo na koya masa, da jarkoki a madadin durom. Sati shida. Ya iya, Baba. Da ka gan shi da ba ka samu sunan da za ka sa masa ba."

"Me kika koya masa?"

"Duk abin da ka koya mini."

Da ta bar shi a nan da ya fi, amma 'yarsa ce, ba ta iya kawo rabin rahoto ba.

"Ranar muna tare, za mu kai ƙaramin yaron asibiti. Sabon shinge ne, jiyansa babu shi. Da suka ƙyafta fitila ya so ya tsaya. Ka san shi da tsoro, har ya kai ƙafa kan birki. Ni na ce masa, an ba ka hanya, kada ka bar mutane suna jira, taka."

Wata babbar mota ta wuce mu, iskarta ta kaɗa allon da ke jingine. Shekara talatin ina jiran ranar da zan ga an rufe wa mutumin nan baki, da ta zo kuma sai na ji tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa. Bai yi kuka ba, ita ma ba ta yi ba. Ya buɗe ƙofa, ya sauke jarkar ruwan, ya zauna a gefenta, ni na shiga baya na ɗora ƙaramin a cinya. Muka doshi shingen a giya ɗaya. Aka ƙyafta mana fitila, ta tsaya, ta kashe mota, ta ɗora hannuwa a kan sitiyari. Soja ya zo ya leƙa, ya ga tsohon da ya sani, ya yi masa murmushi ya ce mu wuce.

Shekara biyu da 'yan watanni ya ƙara a duniya, baƙin ma sun riga shi tafiya da kaɗan, suka bar shingayen a hannun wasu da suka gaji ƙa'idar. Bai sake ɗaukar sabon ɗalibi ba. Abin da ya yi da sauran kwanakinsa ya fara ne washegarin dawowarta.

Ina buɗe shago da safe na gan shi a bakin ƙofa riƙe da keke, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba. Na zaci zancen zaman makoki ya kawo shi, na fara cewa za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana tunda ya fi fili. Bai saurare ni ba.

"Kai wa ka koya wa?"

"Koya me?"

"Tuƙi. Bayan ka bar hannuna, wa ka koya wa?"

Na yi dariya, na ce wa zai yarda Makaho ya koya masa mota. Bai yi dariya ba, ya tsaya yana jira. Sai na fara tunowa. Matata, a filin bayan makaranta, shekarun baya. Wani abokina mai sayar da taya da ya koma kudu. Ɗan baffana da ke jigilar kaya tsakanin ƙasashe, wanda rabona da shi tun kafin yaƙi. Da wata maƙwabciya da ta yi aure a wani gari, ko sunan garin na manta. Kuma duk na gaya musu zancen fitila, da muryarsa ma nake faɗa, ina kwaikwayonsa muna dariya.

"Huɗu," na ce.

"Su kuma wa suka koya wa?"

Ban sani ba. Tsoro ya kama ni a tsaye, da makullin shago a hannuna.

"Mayar da ƙofar ka rufe," ya ce. "Mu fara da matarka, ita ce kusa."